Na fara littafi uku, ban gama ko ɗaya ba

Wata ƙanwata ta turo mini tambaya, ga ta a taƙaice: "Anti, tun ina sakandare nake sha'awar rubutu. Na fara littafi uku a wayata, kowanne da na kai wajen shafi talatin sai ya cije. Na farko labarin ɗan wani attajiri ne da ya dawo daga Ingila ya ga 'yar talakawa. Na biyu na wata mata ce mai suyar awara a ƙofar gida, mijinta ya rasu, 'yan'uwansa suna neman raba ta da gidan. Na uku na aljanu ne. Ƙawayena sun ce in buɗe guruf a WhatsApp in riƙa sakin shafi ɗaya kullum, wai matsin masu karatu zai sa in gama, in ya karɓu in mayar da shi na kuɗi. In yi? Kuma yaya ake buga littafi?"

Wa alaikumus salam ƙanwata. Kada ki buɗe guruf ɗin nan yanzu. Ba raina rubutun waya nake yi ba. Ni da na fara da biro da littafin makaranta mai shafi tamanin, na san irin ƙofar da waya ta buɗe wa matan da a zamaninmu ko hanyar maɗaba'a ba za a bar su su nema ba. Amma ƙawayenki rabin magana suka faɗa miki. Gaskiya ne matsin masu karatu yana sa a yi rubutu kullum, sai dai tsawo yake ƙara wa labari, ba ya kai shi ƙarshe. Za ki saki shafi da daddare, kafin ki idar da sallar asuba an cika miki waya. Wannan ta ce don Allah kada ki kashe wane, waccan ta rantse in ba ki haɗa su aure ba ta daina karantawa, wata ta ce a ƙaro kishiya ko gidan ya yi armashi. Ke kuma sabuwa ce, yabo yana miki daɗi, sai ki bi. Ranar da kika kai shafi na sittin kika gane akwai abin da ya kamata ki shuka tun a shafi na biyar, bakin alƙalami ya riga ya bushe, shafi na biyar yana cikin wayoyin mutane. Marubutan da kike gani suna sakin shafi kullum labarinsu bai watse ba, in kin bincika za ki tarar sun san ƙarshensa, kuma abin da suka rubuta ya yi wa abin da suka saki nisa.

Bari mu koma kan ciwon, wato cijewar da labari yake miki a shafi talatin. Ki tuna kakarki in za ta yi muku tatsuniya. Kafin ta ce "ga ta nan ga ta nanku" ta riga ta san inda za ta ce "ƙurunƙus". Shi ya sa ko gyangyaɗi ya ɗauke ta a tsakiya kuka tashe ta, daga inda ta tsaya take ɗorawa. Kuma ki lura, Gizo bai taɓa fitowa haka kawai yana yawon shan iska ba. Kullum akwai abin da ransa yake so, akwai kuma abin da ya tare masa hanya, sai dabara ta biyo baya, sai dabarar ta haifi wata rigimar. Shafi talatin ɗin da kike rubutawa cikin sauƙi gabatarwa ce kawai: ga wance, ga gidansu, ga yadda suka haɗu. Wannan kowa yana iyawa. Daga nan labari yake tambayarki, to me take so, wa ya hana ta, me za ta rasa in ba ta samu ba? In ba ki da amsa sai ya zauna.

Ki gwada wannan a kan littattafanki. Ɗan attajirin nan na Ingila, me yake so? Yarinyar. Wa ya hana shi? Hajiyarsa. Ni ban ga rubutun ba amma zan iya faɗa miki mai gadi ya wangale get da gudu, yarinyar fara ce sol, hancinta kamar biro, gashinta har gadon baya. Ba laifinki ba ne, abin da kika karanta ne ya dawo ta yatsunki. Ya tsaya ne don ba naki ba ne, ba ki san komai game da mutanen nan ba sai abin da wasu marubuta suka gaya miki. Na aljanu kuwa ki ajiye shi sai hannunki ya faɗa, don labarin da komai zai iya faruwa a cikinsa shi ya fi kowanne wuyar riƙewa.

Mai awarar nan ita ce littafinki. A layi biyu da kika yi mini bayaninta har na ji ina son in san yadda ta ƙare. Kuma ina kyautata zaton abin da ya tsayar da ke a kanta rashin sani ne, ba rashin basira ba. Kin ce 'yan'uwan miji suna son raba ta da gida. Da wace hujja? 'Ya'ya nawa gare ta, maza ko mata? Wannan tambayar kaɗai tana iya gina miki littafin ko ta rushe shi. A rabon gado na Musulunci, in mamaci ya bar ɗa namiji, 'yan'uwansa ba su da komai. In haka ne, mutanen nan azzalumai ne kawai, ta kai su gaban alƙali magana ta mutu, littafi ya ƙare a shafi arba'in. Amma a ce 'ya'ya mata biyu ya bari, iyayensa sun riga shi rasuwa, kuma ita kaɗai ce matarsa. Bayan an biya bashi an fitar da wasiyya, ita tana da tumuni, wato kashi ɗaya cikin takwas, 'yan matan suna da kashi biyu cikin uku, abin da ya rage na 'yan'uwansa ne. In kin buga lissafi, kashi 5 cikin 24 ke nan. Kin ga yanzu ba mugaye ba ne na tatsuniya. Haƙƙinsu suke nema, wataƙila ƙaninsa ma bashi ne ya yi masa katutu, ko 'yarsa zai aurar. Gida kuwa ɗaki biyu ne da zaure, ba ya yankuwa. Ko dai a yi masa kuɗi a sayar kowa ya ɗauki nasa, ko ita ta nemo kuɗin kashi biyar ɗin nan ta fanshi gidan. Da me? Da kaskon awara. Ga kuma takaba, wata huɗu da kwana goma, wadda za ki iya mayar da ita agogon labarin: sun ce sun ɗaga mata ƙafa har ta fita, daga nan sai dillali.

Kin ga abin da bincike yake yi. Ban ƙirƙiro komai ba, hukunci ɗaya na sani, shi ya ba ni buri da cikas da wa'adi. Saboda haka kafin ki ƙara layi ɗaya, ki sami malamin da ya san ilimin gado ki zauna da shi. In da hali ki je kotun shari'a ki zauna a bencin baya ki ji yadda ake kiran ƙara, yadda alƙali yake tambaya, yadda mace take magana in an ce ta yi bayani a gaban dangin mijinta. Na sha gyara littattafan da aka yi saki uku aka mayar da aure washegari ba wanda ya ce uffan, da waɗanda likita ya duba idon mutum ya ce masa saura wata shida ya mutu. Mai karatu ɗaya da ya san abin ya ishe ki kunya.

Sannan ki je wajen mai awara ta gaske. Na san kin sha saye, amma saye daban, kallo daban. Ki ga lokacin da take jiƙa waken suya, wa yake kai mata markaɗe, yadda take tacewa, yadda take tsayawa a kan tukunya tana zuba ruwan tsami har ya haɗe, yadda take juyewa a ƙyalle ta ɗaure ta danne da dutse, inda take kai dusar. Ki ga hannunta. Don in ba ki gani ba, ga irin abin da za ki rubuta: "Ta kasance cikin matsanancin talauci da baƙin ciki marar misaltuwa, rayuwa ta yi mata zafi." Wannan ba ƙarya ba ne, amma ba wanda zai ji komai a ransa. Ki kwatanta da wannan:

"Da aka yi kiran isha'i ta sauke kaskon. Guda bakwai suka rage. Ta kwance bakin zaninta ta ƙirga cinikin, ta ware kuɗin wake, ta ware na mai, ta ware na markaɗe, ta dubi abin da ya saura ta sake ƙirgawa. Ƙaramar ta miƙo hannu wajen farantin. Har ta buɗe baki za ta ce na saye ne, sai ta tura mata yajin kusa."

Ban ce talauci ba, ban ce tausayi ba. Na bar miki ki ƙirga kuɗin tare da ita. Duk inda kika ga kin rubuta "marar misaltuwa" ko "wanda baki ba zai iya faɗa ba", ki sani wurin da aka ɗauke ki aiki ke nan kika gudu. Misaltawar ita ce sana'ar.

Sai maganar harshe, wadda ita ce ta fi ci mini tuwo a ƙwarya a rubutun 'yan yanzu. Ba cusa kalmomin Turanci ne ya fi damuna ba, wannan a fili yake, ana gani a cire. Wanda ya fi ɓarna shi ne Turancin da ya sa rigar Hausa. Sai ki ga an rubuta "ya ɗauki numfashi mai zurfi", alhali mu cewa muke ya nisa, ko ya yi ajiyar zuciya. "Zuciyarta ta tsallake bugu ɗaya": gabanta ne ya faɗi. "Ya share maƙogwaronsa": gyaran murya ya yi. "Ta mirgina idanunta" kuwa har yau ban ga Bahaushiyar da ta yi ba. Harara take yi, ko ta taɓe baki, ko ta murguɗa shi, ko ta ja tsaki, kuma kowanne da ma'anarsa da wanda ake yi wa. Yarinyar da ta murguɗa wa yayanta baki ba za ta yi wa surukarta ba. Maganin wannan kunne ne. Duk jimlar da kika rubuta ki tambayi kanki, na taɓa jin wani ya faɗi haka a gidanmu ko a kasuwa?

Haka zancen mutanen cikin labari. Mai awararki ba za ta kama sunan mijinta gatsau a gaban yayyensa ba, "Malam" za ta ce, ko "marigayi", ko "babansu". In 'yar fari ce ke gabanta, wataƙila ko sunanta ba ta faɗa. Wan mijin nan da ya zo maganar gida ba zai shigo ya ce "mun zo karɓar gadonmu" ba. Zai yi sallama, a shimfiɗa masa tabarma, a gaisa, a yi ya haƙuri, a yi wa mamaci addu'a, ya yi shiru yana wasa da carbi, sannan ya ce, "To, dama dai mun ce bari mu zo a san abin da ake ciki, tunda shi rai ba a bakin komai yake ba." Duk tashin hankalin yana cikin abin da bai faɗa ba. Mu mutane ne masu kewaye da alkunya, marubucin da ya sa kowa yana faɗar abin da ke cikinsa kai tsaye ya zubar da rabin jarinsa. In wata 'yar jami'a ce a labarin, ki bar ta ta jefa Turancinta a inda irinta suke jefawa. In Basakkwace ne ki bar shi ya ce "ɗiyata". Amma muryarki ke mai ba da labari ta tsaya a daidaitacciyar Hausa, don wanda ke Damagaram da wanda ke Kumasi duk su bi ki. Karin magana kuma gishiri ne. Na ga littafin da kowane babi yake buɗewa da guda uku a jere, kamar ana gasar makaranta.

Ƙa'idar rubutu ba zan daɗe a kanta ba, amma ba zan tsallake ta ba, don a saƙonki ma na ga "yace" da "zata" da "dashi". "Ya ce" ne, "za ta", "da shi". Akasin haka, "yana" da "suna" da "masa" a haɗe suke, "motarsa" a haɗe, "ne" da "ce" kuma a ware. Sai haruffa masu ƙugiya. Ki saukar da allon rubutun Hausa a wayarki yau ɗin nan, kyauta ne. Baki daban baƙi daban, kafa daban ƙafa daban, kasa daban ƙasa daban. Wanda ya rubuta "ya bata kudi" bai gaya mana ko ba ta ya yi ko ɓatarwa ya yi ba. In kalma ta shige miki duhu, akwai Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero da ya fito a 2006, akwai kuma tsohon ƙamusun Bargery na 1934 wanda ake samu a intanet. Alƙalan gasa da editoci mutane ne masu gajiya. Shafin farko in ya cika da irin waɗannan kurakurai, da wuya su kai na biyu da zuciya ɗaya.

To yanzu a ce kin gama. Abin da kika gama ɗin ba littafi ba ne tukuna, ɗanyen kaya ne. Ki rufe shi wata guda kada ki leƙa. In kin dawo ki karanta shi a bayyane, da murya, a ɗaki ke kaɗai. Duk inda harshenki ya sarƙe, jimlar ce ba ta da lafiya. Duk inda kika ji kina sauri don ki wuce, mai karatu ma tsallakewa zai yi, ki cire. Za ki tarar babi na farko gaba ɗaya share fage ne, labarin a babi na biyu ya fara. Za ki tarar an yi wanka an ci abinci an kwanta barci sau ashirin ba abin da ya sauya. Yankewa da ciwo, na sani. Akwai wani babin biki da na fi wata ina ƙawata shi, na lissafa har kalar ankon ƙawaye, daga baya na cire shi ɗungurungum ba wanda ya ji an rasa wani abu.

Kada ki ɗauka gyara na marasa ƙwarewa ne. Abubakar Imam yana ɗan shekara ashirin da biyu, yana koyarwa a Midil ta Katsina, ya shiga gasar da Hukumar Fassara ta shirya a 1933 ƙarƙashin Rupert East, wadda ta haifar da Ruwan Bagaja. Duk da wannan nasara, da aka zo aikin Magana Jari Ce sai da aka ɗauko shi zuwa Zariya ya zauna yana rubutawa East yana dubawa. Kuma akwai darasi na biyu a nan. Da yawa daga labaran littafin nan asalinsu na Larabawa ne da Indiyawa da Turawa, amma ya jiƙa su a Hausa har ba mai jin ƙanshin baƙunta. Wannan shi ne aro. Ɗauko fim ɗin Indiya ko littafin wata a sauya sunaye a sa naki, wannan sata ce, kuma masu karatun yanzu kafin la'asar sun tono asalin.

Wanda za ki ba ya duba miki, kada ya zama ƙawar da za ta ce "masha Allah, ya yi daɗi" ta tura miki hoton zuciya. Ki nemi mutum biyu: ɗaya mai yawan karatu wanda ba ya jin nauyinki, ɗaya wanda ya san ƙa'idar rubutu. Kada ki tambaye su ko ya yi daɗi. Ki ce, a ina kika ajiye wayar kika tashi? Wa kika manta da shi a labarin? Me kika zata zai faru? In akwai reshen Ƙungiyar Marubuta ta Nijeriya, ANA, a jiharku, ki riƙa zuwa zamansu na karatu, a nan za ki ji yadda ake feɗe rubutu a gaban mai shi. Ranar farko za ki ji kamar ki nutse. Kuma ina ba ki shawara, kafin ki gama dogon, ki gwada gajeren labari. Gasar Hikayata da BBC Hausa ta fara a 2016 domin mata marubuta ta saba neman labarin da bai wuce kalma 1,500 ba. Ko ba ki tura ba, ki gwada matse labari cikakke a wannan ma'auni. Zai koya miki gamawa, abin da ba ki taɓa ɗanɗanawa ba har yanzu.

Wani abu ƙarami da ya sa mutane da yawa kuka: kada littafinki ya zauna a wuri ɗaya. Duk daren da kika yi rubutu ki tura wa kanki ta imel. Waya tana faɗawa ruwa, ana fizge ta a Adaidaita Sahu. Manhajoji ma suna mutuwa. OkadaBooks, inda marubutan Hausa da yawa suka zuba littattafansu suna sayarwa, ta rufe a ƙarshen 2023.

Sai tambayarki ta bugu. A ƙasar Hausa yawanci marubuci shi yake buga wa kansa, kuma ba yau aka fara ba. Kamfanin ɗab'i na NNPC da ke Zariya ya buga littattafai masu daraja, ciki har da na Hafsat Abdulwaheed da ya fito a 1980 bayan wata gasa, wanda ake lissafawa a matsayin ƙagaggen labarin Hausa na farko da mace ta wallafa. Amma da tattalin arziki ya karye a shekarun 1980, kamfanoni suka ja baya, matasa suka fara haɗa kuɗinsu suna kai wa masu injin bugu, suna kai wa 'yan kasuwa. Abin da aka zo ana kira Adabin Kasuwar Kano ke nan, da ƙungiyoyi irin su Raina Kama. Tsarin bai sauya sosai ba. Za ki sa a tsara miki shafuka a kwamfuta, a zana bango, ki nemi lambar shaidar littafi, wato ISBN, a Ɗakin Karatu na Ƙasa, ki kai maɗaba'a. Yawan kwafi yana rage kuɗin kowane ɗaya, kuma nan tarkon yake: za a ce ki buga da yawa ya fi sauƙi, ki ƙare da katan-katan a ƙarƙashin gado gara tana ci.

Abu biyu suka same ni a bugun farko, ki ɗauka kyauta. Na kai wa wani mai maɗaba'a aikina na biya, ban nemi ya fitar mini da kwafin gwaji in duba ba. Kwamfutarsa ba ta san haruffanmu ba. Da aka kawo katan na buɗe, duk inda ƙ ko ɗ ko ɓ take sai wani ɗan akwati ya zauna a wurin, tun daga sunan littafin a shafin ciki. Na zauna a tsakar gida da littafi a hannu na rasa kuka zan yi ko dariya. Na biyu, na raba wa masu shaguna bashi ba tare da rubutu ba. Kuɗin suka riƙa dawowa kamar ɗigon rufin ɗaki, yau a ba ni na mota, gobe a ce mai shagon ya yi tafiya. Saboda haka ki duba gwaji shafi bayan shafi kafin inji ya tashi, kuma ko kwafi goma kika bayar a rubuta a sa hannu.

Shi ya sa ban hana ki sayarwa ta waya ba, cewa na yi ba yanzu ba. In littafin ya kammala ya gyaru, hanya ce mai kyau, ba kuɗin takarda ba na tawada. Ki saki shafukan farko kyauta, mai so ya biya ya shiga. Sai dai ki shiga da sanin cewa za a fitar miki da shi. Wata za ta biya ta kwafe ta watsa, wani zai karanta shi a tasharsa ta YouTube bai tambaye ki ba. A dokar Nijeriya haƙƙin mallaka naki ne tun ranar da kika rubuta, ba sai kin yi rajista ba, kuma yana nan har shekara 70 bayan ranki. Amma ki ajiye shaidar da za ta nuna ke kika fara rubutawa, imel ɗin nan da na ce ki riƙa tura wa kanki ma shaida ce. In mai tasha ko mai shirya fim ya zo, a rubuta me kika ba shi, na tsawon wane lokaci, nawa zai biya. Kada "ai mun zama ɗaya" ta shiga tsakani. Za kuma a zo a raɗa miki cewa batsa ce take kawo kuɗi da wuri. Wataƙila. Ni dai abin da na sani, rubutu ya fi mai shi tsawon rai, kuma 'yarki za ta iya karatu wata rana.

Ga abin da nake so ki yi a makon nan. Ki bar shafuka talatin ɗin nan yadda suke, kada ki taɓa su. Ki buɗe sabon shafi ki rubuta fitowar ƙarshe ta littafin mai awara, ranar da wa'adi ya cika. Tana cikin gidan ko tana ɗaure kaya? In ta fanshe shi, me ta sayar, wa ta ɓata da shi, wace 'yar ce aka cire daga makaranta? In ta rasa shi, wa ya zo ya taya ta ɗaukar kaskon? Ko shafi biyu ne ya isa, kuma ba dole ne ya zama shi za ki bari a ƙarshe ba. In kin rubuta ki turo mini, tare da amsar da malamin gado ya ba ki.